Mata Biyu da Babur Ɗaya: Bitar Littafin The Rugged Road

A watan Maris na 1935, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wasu Turawa mata biyu suka shigo birni ta hanyar Katsina a kan babur guda mai akwatin zama a gefe. Daga Landan suka taso, ranar 11 ga Disamba 1934. Sun tsallaka teku zuwa Aljeriya, sun ratso Sahara ta Ghardaia da In Salah da Tamanrasset da In Guezzam, sun sauka Agadas. Kano ma zango ce kawai a wurinsu, don Cape Town suka nufa, can ƙarshen Afirka ta Kudu, kuma sun isa ranar 29 ga Yuli 1935 bayan tafiyar mil 13,500, wato kusan kilomita 21,700. Sunan ɗaya Theresa Wallach, ɗayar Florence Blenkiron, wadda Theresa ke kira Blenk. The Rugged Road labarin wannan tafiya ne daga bakin Theresa.

Littafin bai fito ba sai 2001, daga kamfanin Panther Publishing na Ingila, bayan rasuwar marubuciyar. Ta rasu ranar 30 ga Afrilu 1999, ranar da ta cika shekara 90 cif. Shekaru sittin da wani abu da ta yi a duniya bayan tafiyar, kusan duka a kan babur ta ƙarar da su. Ta yi aikin kanikanci da kai saƙo a rundunar sojan Birtaniya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ta koma Amurka ta buɗe shagon sayar da babura da gyaransu a Chicago, daga baya ta kafa makarantar koyar da tuƙi a Phoenix, ta kuma rubuta littafin koyarwa mai suna Easy Motorcycle Riding a 1970. Ana jin wannan tarihi a cikin rubutun. Budurwa 'yar shekara 25 ce ta yi tafiyar, amma muryar da ke ba da labarin ta malama ce wadda ta daɗe tana yi wa ɗalibai bayanin yadda inji ke aiki, don haka ba ta gaggawa, ba ta kuma cika baki.

Abin da ya sa nake son mutanenmu na Garun Mallam da Kura da Bunkure su san littafin a fili yake. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya biyo magudanai ya shigo filayen Kadawa, noman rani ya zama sana'ar shekara, babur ne ya zama ƙafar wannan yanki. Da shi ake kai taki gona, da shi ake ɗauko injin ban-ruwa da tiyo, da shi ake fito da kwandunan tumatir zuwa Kwanar Gafan kafin rana ta yi zafi, da shi ake kai buhun shanshera wurin masu casa a Kura. Yaron da bai kai ƙafa ƙasa ba ya san ƙarar Boxer daga ta Jincheng. Yanzu kuma akwai samarin da Allah ya buɗa wa a shinkafa ko tumatir, waɗanda ransu ya fara biyawa ga manyan baburan nan da ake ce wa fawa-baik, musamman masu gajeren sirdi da dogon jiki, waɗanda mahayi ke miƙa ƙafa gaba ya ɗan kishingiɗa, wato kuruza. Suna son abin da za su hau su je Zariya ko Kaduna ko Jos ba tare da ƙugu ya riƙe ba. Tambayarsu kullum ita ce wanne ya fi daɗin zama. Wannan littafi ya amsa tambayar fiye da duk wani ɗan talla, duk da cewa ba don ita aka rubuta shi ba.

Babur ɗin da matan suka hau Panther ne, ƙirar kamfanin Phelon & Moore da ke Cleckheaton a Yorkshire, mai cc 600 da silinda ɗaya tak. Suka sa masa suna The Venture. Injinsa a karkace yake zuwa gaba, kuma shi kansa injin ne ya maye gurbin ƙarfen gaba na gangar jikin babur ɗin, dabarar da kamfanin ya shahara da ita. Fistan ɗinsa yana da doguwar tafiya, saboda haka ba ya juyi da sauri, sai dai bugu ɗaya-ɗaya mai nauyi kamar saukar taɓarya a turmi. Irin wannan inji ba na tsere ba ne, na ja ne. Abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi a nan shi ne, matan nan biyu 'yan tsere ne na gaske. Blenk ta ci lambar Gold Star a filin Brooklands a 1934 don ta zagaye filin da gudun da ya wuce mil 100 a awa, Theresa ma ta ci tata a 1939 a kan Norton mai cc 350. Sun san babur mai gudu, sun san daɗinsa. Da tafiyar watanni ta taso, sai suka ɗauki mai haƙuri.

Gyare-gyaren da aka yi wa babur ɗin kafin tashi su ma abin dubawa ne. An ƙarfafa ƙafar gaba, an sa wa wili wayoyi masu kauri, an faɗaɗa madigadi don ya ɗauki taya mai faɗi irin ta mota. Akwatin gefen na kamfanin Watsonian ne, ga kuma ɗan tirela a baya mai ɗauke da tanti da kaya. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da aka yi don ƙara gudu. Babur ɗin, kamar yawancin na wancan zamani, ba shi da sifirin a ƙafar baya, duk abin da ke tsakanin mahayi da gargada shi ne sifirin ɗin da ke ƙarƙashin sirdi. A haka suka yi wata bakwai da rabi.

Babin Sahara shi ne zuciyar littafin, kuma nan ne alƙalamin Theresa ya fi kaifi. Ba ta tsaya ƙawata faɗuwar rana ba. Abin da ke gabanta shi ne yashi mai laushi da ke haɗiye taya, da sauke kaya a tura babur a dawo a kwashi kayan, da lissafin ruwa da mai, da zafin da inji ke ɗauka idan an daɗe a giya ta ɗaya. Ga kuma hukumar Faransa. A wancan lokaci matafiyi ba ya wuce sansani sai da izini, kuma idan ya makara bai isa na gaba ba, a kan fita nemansa, shi zai biya kuɗin neman. Jami'an ba su yarda mata biyu a kan babur za su kai labari ba, don haka kusan kowane zango sai an yi ja-in-ja. Theresa tana ba da labarin wannan gardama ba da ɗaci ba, kuma hakan ya ƙara mata kwarjini a idona. Duk wanda ya taɓa kafewa da kaya a kan hanyar gefen kanal bayan ruwan sama zai gane irin gajiyar da take bayani, gajiyar da ba ta barin mutum ya yi fushi ma.

Kafin su shiga Agadas injin ya buga. A nan ne littafin ya koyar da babban darasinsa. Babu gareji, babu dila, babu wani Panther a faɗin ƙasar. Sai da suka zauna makonni suna jiran kayan gyara daga Ingila, sannan suka kwance injin suka sake haɗa shi da hannunsu, Theresa kuwa dama karatun injiniya ta yi a Landan. Abu biyu suka cece su. Na farko, injin mai sauƙi ne, silinda ɗaya da kabureta, abin da sifana da basira za su iya. Na biyu, masu babur ɗin sun san cikinsa. Abu ɗaya kuma ya cinye musu lokaci, wato nisan da ke tsakaninsu da inda ake sayar da kayansa.

Wannan lissafi bai canja ba har yau, kuma da shi nake son saurayin Kadawa ya auna abin da zai saya. Boxer ɗinsa idan ya lalace a Chiromawa ko Kwanar Ɗangora, kafin ya gama shan ruwa bakanike ya nemo abin da ya mutu. Babban babur na hannu da aka shigo da shi ta Kwatano ba haka yake ba. Sababbin samfura ba su da kabureta, kwamfuta ce ke auna musu mai, famfon mai da ke cikin tanki kuwa ba ya jure gurɓataccen fetur na bakin hanya. Ranar da ya tsaya, ko a Ƙofar Ruwa ba lallai ne a samu kayansa nan take ba, sai an aika Legas ko ƙasar waje. Kafin mutum ya tambayi laushin sirdi, ya fara tambayar wa ke gyara irinsa a Kano, a ina ake samun tayarsa da birkinsa da faifan kulocinsa, kuma kwana nawa suke yi kafin su iso.

Maganar daɗin zaman kanta tana buƙatar a duba ta da idon basira. Kuruza tana ruɗin mai saye a shago, don sirdinta faffaɗa ne kuma a ƙasa yake, ƙafa biyu suna taka ƙasa sosai. Honda Rebel 500, misali, tsayin sirdinta santimita 69 ne kawai. To amma idan matakan ƙafa suna can gaba, duk nauyin mutum yana sauka ne a kan ƙashin ƙugunsa, kuma ba zai iya ɗan miƙewa ya ɗaga jiki ba idan ya hango rami. Duk dukan da tayar baya ta sha, kai tsaye yake hawa gadon baya. A kan kwalta mai santsi ba a jin wannan. A kan hanyar da tireloli suka tattake, bayan awa biyu ake fara ji. Shi ya sa matakan da ke tsakiya, daidai ƙarƙashin gwiwa, suka fi dacewa da hanyoyinmu. Kawasaki Vulcan S mai cc 649 ta yi dabara a nan, don ana iya matsar da matakanta gaba ko baya gwargwadon tsawon mahayi. Sai dai ita da Rebel duka cikinsu bai kai santimita 15 daga ƙasa ba, kuma wanda gidansa ke bayan kwalbati da kunyoyin gona ya san abin da hakan ke nufi. Tankin Rebel ma lita 11 ne da ɗan kai, na Vulcan 14.

Cikin na yanzu, wanda ya fi kama da halin Panther shi ne Royal Enfield Meteor 350 na Indiya: silinda ɗaya, juyi a hankali, tanki mai lita 15, ciki kuma ya ɗaga santimita 17 daga ƙasa. Ba zai burge mai son gudu ba, ƙarfinsa kimanin doki 20 ne kawai, amma wanda zai yini a kan kilomita 80 zuwa 90 a awa ba zai raina shi ba. Tsofaffin Yamaha Drag Star 650 da wasu samfuran Honda Shadow 750 kuma suna da wata falala, ba sarƙa ke juya ƙafar bayansu ba, sandar ƙarfe ce, don haka ƙurar hunturu ba ta cin ta kamar sarƙa. Ni dai da za a tambaye ni, duk waɗannan bayanai suna zuwa ne bayan tambayar bakanike. Tun daga 2023 da aka cire tallafin mai kuwa, shan fetur ma ya shiga sahun farko, don babur mai cc 650 ba zai yi maka tafiyar da Boxer ke yi da lita guda ba, ko kusa.

Akwai wani nau'in jin daɗi da littafin ya nuna wanda ba a sayar da shi tare da babur. Matan nan suna karɓa-karɓa ne, ɗaya tana tuƙi ɗaya tana hutawa. Suna tsayawa su duba mai da sarƙa da notuna kafin abu ya lalace. Tafiyar rana ɗaya ba ta wuce abin da jiki da inji za su ɗauka su kuma tashi gobe. Samarinmu da ke son su kai Abuja su juyo a yini guda, ba hular kwano, ba safar hannu, iska tana dukan ƙirji tun daga Kura, babu sirdin da zai hana su ciwon wuya. Ɗan gilashin tare iska a gaba da tsayawa bayan kowace awa ɗaya da rabi sun fi ƙarin cc 300 amfani.

Ta fuskar rubutu, abin da na fi yaba wa Theresa shi ne gaskiyarta game da tsoro da gajiya, da yadda ba ta mai da kanta jaruma ba. Jimlolinta gajeru ne, na mai aikin hannu. Hotunan da suka ɗauka a hanya suna cikin littafin, kuma suna ƙara masa nauyi, don mutum yana ganin yawan kayan da aka ɗora wa inji ɗaya. Akwai kuma fim ɗin da suka ɗauka da 'yar kyamararsu, wanda aka fitar daga baya. Sai dai ƙarfin labarin bai zo daidai ba daga farko zuwa ƙarshe. Bayan Sahara da dazukan Kwango, da suka shiga Yuganda da Kenya da Tanganyika inda hanya ta fi kyau kuma Turawa 'yan'uwansu suka yawaita, sai labarin ya fara sauri, ya koma jerin garuruwa da masu masauki. Ba laifi ba ne babba. Wahala ce ke ba irin wannan littafi armashi, idan ta ragu dole ya ɗan yi sanyi.

Inda nake da ƙorafi na gaske shi ne wurin mutanen ƙasa. Bahaushe mai karatu zai buɗe shafukan Agadas da Katsina da Kano da ɗoki, yana son ya ga kakanninsa, sai ya tarar an fi nuna masa jami'in Faransa da na Ingila. Theresa ba ta da mugun nufi, tana yaba alherin da aka yi musu, kuma ta fi yawancin marubutan zamaninta ladabi. Amma ta cikin sansani da gidan Bature take leƙen gari. Agadas ɗin da suka yi makonni a ciki, shekara 18 kacal ke nan da Kawusan da mayaƙansa suka kewaye sansanin Faransawa a can, daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917, da goyon bayan Sarkin Abzin Tegama. Da Faransa ta karɓe garin, an kashe mutane da dama har da malamai, wasu suka watse zuwa kudu. Waɗanda suka ga wannan da idonsu su ne ke kallon baƙin mata biyu suna kwance inji. Wanda ya san tarihin zai ji littafin ya yi masa ƙaranci a nan.

Haka ma maganar cewa su ne na farko. Gaskiya ne ana lissafa su cikin waɗanda suka fara ratsa Sahara a kan babur, kuma babu mai rage musu wannan. To amma hanyar da suka bi daɗaɗɗiya ce. Ayarin Azbinawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna saukowa da gishirin Bilma zuwa Damagaram da Kano, fatake suna hawa da turkuɗi da fatu daga Kasuwar Kurmi. Rijiyoyin da matan suka dogara da su, wasu ne suka haƙa suka kuma riƙe sunayensu. Da suka bar Kano suka yi gabas, sun shiga yankin da alhazan ƙafa suka saba ratsawa zuwa Sudan da Makka, mata da tsofaffi da goyo, tafiyar da kan ɗauki shekaru. Jarumtar matan nan biyu ta fi fitowa da kyau idan an ajiye ta a gefen ta waɗannan, ba a samansu ba. Wannan aiki ne da mai karatu na nan zai yi da kansa, don littafin bai yi masa ba.

Wani abin da ke sosa rai shi ne hanyar tasu ta fi wuyar bi a yau fiye da 1935. A wancan lokaci har motar fasinja ta Faransawa tana zirga-zirga tsakanin Aljeriya da Kano ta Agadas. Da Kunle Adeyanju ya taso daga Landan zuwa Legas a 2022 don tara kuɗin yaƙi da shan-inna, ta gaɓar yamma ya biyo, ta Maroko da Muritaniya da Senegal, ya yi kimanin kwana 40 a hanya. Babur ɗinsa Honda CB500X ne, wanda injinsa mai cc 471 dangin na Rebel 500 ne, amma an ɗora shi a kan jiki mai tsayi da zama a miƙe. Shekara 87 tsakaninsa da Theresa, shi ma matsakaicin inji ya ɗauka, ya kuma zaɓi tsayi daga ƙasa a kan kishingiɗa. Mai niyyar sayen kuruza ya yi wa wannan zaɓi kallon tsanaki.

Giɓi na ƙarshe a littafin shi ne Blenk. Mutum biyu suka yi tafiyar, mutum ɗaya ya ba da labari. A Cape Town suka rabu, Theresa ta hau jirgin ruwa ta koma Ingila. Blenk kuwa ta karɓi sabon Panther ta juyo arewa ita kaɗai, ta sake ratsa tsakiyar Afirka har ta iso Kano a karo na biyu. A nan hukuma ta ƙi yarda ta shiga Sahara ba abokin tafiya, dole ta haɗa da motar hamada, ta isa Landan a 1936. A ganina wannan dawowa ta fi tafiyar farko wuya, don babu mai karɓar ta a tuƙi, babu mai tura mata idan ta kafe. Ta rasu a 1991, shekara 10 kafin The Rugged Road ya fito, don haka ba ta ga yadda aka ba da labarinta ba. Bugun baya na littafin ya ƙara tarihin rayuwar matan biyu, kuma wanda zai nema, wannan bugun ya kamata ya nema, ya fara karanta tarihin Blenk kafin ya shiga babi na ɗaya.